Marka Ungozoma a Gidan Alhaji Wakili

Kafin ruwan madatsar Bakolori ya hau, babu gidan da Marka ba ta san bayan ɗakinsa ba a ƙauyensu na bakin gulbi, can ƙasar Maradun. Ita ce ungozomar garin. In mace ta sauka ita ake aika wa, ta zo ta yanke cibi, ta wanke jariri, ta haƙa rami a bayan ɗaki ta binne mabiyiya, sannan ta riƙa zuwa safe da yamma tana dafa ruwan wankan jego har a yi suna. Gajera ce siririya, mai saurin tafiya kamar wadda aka ƙwala wa kira, kuma ko ba a haihu ba ba ta iya wuni a gida. Mijinta Ayuba, kafin Allah ya yi masa rasuwa, yakan ce in kana neman Marka kada ka ɓata ƙafarka zuwa ɗakinta, ka tsaya bakin hanya kawai, za ta zo ta wuce.

Sai maganar tashi ta zo. Aka auna gonaki, aka shafa fenti a bangon gidaje, motoci suka kwashe mutane zuwa wani tudu da ƙasarsa duk tsakuwa ce. Garin bai tashi a dunƙule ba. Wasu suka zauna a sabon matsugunin, wasu suka bi dangi zuwa Damaga da Kaya, matasa kuwa suka nufi Talata Mafara inda ake ɗaukar leburori. Ɗanta Yakubu yana cikinsu. Shi ne ɗan farinta, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Yaron nan" take cewa, ko da yake a lokacin yana da mata da 'ya'ya uku.

Ta bi shi Mafara. Ɗaki guda ya kama haya a unguwar leburori, ita kuma tana kwana a rumfa tare da jikoki. Ba wanda ya taɓa yi mata gori, sai dai wata rana ta hangi surukarta tana rage tuwon kwanonta tana ƙarawa a na Marka, ba ta san ana kallonta ba. Ranar Talata Marka ta shiga kasuwa tana tambayar inda ake neman mai aiki, aka haɗa ta da Taiba, wata 'yar Bakura mai jiki, wadda ita ce babbar masu aikin gidan Alhaji Wakili.

Alhaji Wakili a da awon hatsi yake yi a wannan kasuwar. Da aikin madatsa ya zo ya samu kwangilar kai yashi da dutse, cikin 'yan shekaru tifofinsa suka cika hanya. Ya gina gidan siminti mai bene, da tagogin gilashi, da ƙofar ƙarfe. Matarsa Hajiya Fatimatu 'yar gidan malamai ce daga Sakkwato, ta yi boko, ta kuma shiga gidajen Turawan da ke aikin madatsa ta ga yadda masu aikinsu ke shiga su fita ba a jin motsinsu. Haka take son gidanta ya zama.

Tun a bayan kicin Taiba ta tsayar da Marka.

"Inna, ki saurara da kyau. Gidan ga ba irin gidajen da kinka sani ba na. Mi ke bakinki?"

"Goro."

"Fidda shi. Ba a cin goro wurin aiki, ba a tofar da yawu. Kujerun falo ba namu ba na, ko kin gaji kada ki zauna. In baƙi sunka zo, ki aje ruwa ki fito."

"In aje in fito? Gaisuwa fa?"

"Sannu da zuwa. Shi ke nan."

"Ba zan tambayi mutan gida ba?"

"A'a."

"Gajiyar hanya fa?"

"Inna, ba ke kinka aike su ba."

Marka ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne, amma fuskar Taiba ba ta motsa ba. Ta ci gaba da cewa ba a fita sai ranar Juma'a bayan azahar, a dawo kafin magariba. Ba wanda zai zo wurin mai aiki a ƙofa, ko uwarsa ce. Abin da aka gani a gida kuwa a gida yake tsayawa, don wadda aka kora kafin ita surutunta ne a bakin rijiya ya jawo ɓarayi suka haura katanga.

Sannan aka kai ta gaban Hajiya. Mace ce doguwa mai sanyin murya. Ta gaishe da Marka da girmamawa, ta ce ta miƙo hannuwanta, ta duba faratanta ta sa aka yanke su. Ta ba ta sabulu, da zane shuɗi irin na sauran masu aiki, da farin kallabi. Daga nan ta ɗauko 'yarta Hadizatu, wadda ake kira Dije, jaririya da ba ta fara rarrafe ba, ta ɗora mata a hannu.

"Inna Marka, ga amana. Ba a ba ta komai sai abin da na ajiye da hannuna. Ba jiƙo, ba tauna mata abinci. In jikinta ya yi zafi ni za ki faɗa wa."

Aikin bai yi wa Marka yawa ba, kaɗan ya yi mata. Ruwa a famfo, niƙa a inji, kafin hantsi ta gama shara da wanke-wanke, sauran wunin kuma ya tsaya mata a gaba. Sai ta goya Dije ta kama zagayen katanga, daga gindin mangwaro zuwa ɗakin janareta, daga can zuwa ƙofa, ta sake komowa, har ciyawar wurin ta mutu ta zama turba. A ƙofa takan tsaya ta leƙa ta tsagar ƙarfe tana kallon tifofi suna wucewa. Maigadin gidan, Nagode, dattijo ne mutumin Kaya, yakan ce mata, "Inna, in kinka ƙare ƙasar cikin gida, Alhaji zai sa a kawo wata a tifa."

Kuskurenta na farko a falo ta yi shi. Wasu matan manya suka zo ziyara, cikinsu har da wata amarya, matar wani ma'aikacin gwamnati. Marka ta ajiye faranti, ta ce sannu da zuwa, ta juya za ta fita kamar yadda aka koya mata. Sai idonta ya faɗa kan wuyan amaryar da ƙafafunta.

"Ɗiyata, ki bar takalmin ga mai tsini, kuma ki rage ɗaukar abu mai nauyi. Ya kai wata huɗu ko?"

Yarinyar ta ja mayafi ta rufe fuska. Cikin fari ne, ko mahaifiyarta ba ta sani ba tukuna.

Da baƙi suka tafi Hajiya ta kira ta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Abin da kika gani gaskiya ne. Amma wa ya tambaye ki?"

"Hajiya, a garinmu in na gani ban faɗa ba, laifi na."

"Nan ba garinku ba ne, Inna."

Marka ta fita ta tsaya a gindin mangwaro. Ta so ta ce ai garin nasu ma yanzu kifi ne a cikinsa, amma babu wanda za ta faɗa wa.

Ba a daɗe ba mutanen ƙauyensu suka gano inda take. Wata safiya Nagode ya yafito ta, ya rage murya ya ce wani Ɗantani yana waje, matarsa ta sauka tun asuba amma mabiyiya ta ƙi faɗowa. Marka ta san Ɗantani, ita ta yanke masa cibi. Hajiya ta tafi unguwa. Marka ta ruga wurin Taiba.

"Ki jira Hajiya ta dawo," in ji Taiba.

"Jinin mace ba ya jiran Hajiya."

Ta kwance Dije ta miƙa mata, ta fita.

Ta tarar da matar kwance a ɗakin kwano mai zafi kamar tanda, maƙwabta sun cika ƙofa, kowa da abin da yake faɗa. Ta kore su, ta durƙusar da ita, ta yi ta shafa mata mara tana yi mata magana a hankali har Allah ya kawo sauƙi. Ta wanke yaron. Da ta ɗauki mabiyiya za ta binne sai ta tsaya: bayan ɗakin kwata ce, gaban ɗakin hanya ce, gidan kuma na haya. Mai jegon ta fashe da kuka, ta ce yanzu cibin ɗanta a gidan wani za a bar shi. Marka ta karɓi fartanya ta yi tafiya har bayan gari, ta haƙa a gindin wata dalbejiya kusa da sabuwar hanyar ruwa, ta dawo ta kwatanta wa Ɗantani wurin don kada ya ɓace masa.

Sai la'asar ta koma, da jini a gefen zanenta. Hajiya tana tsaye a bakin baranda da Dije a kafaɗa. Marka ta miƙa hannu za ta karɓi yarinyar, Hajiya ta ja da baya.

"Kada ki taɓa ta."

"Hajiya, rai ne anka kira ni."

"Na ji. Ban ce kin yi mugun abu ba. Amma kafin Dije na binne ɗa namiji, kwana biyu kawai ya yi yana gudawa, har yau ban san hannun da ya kawo masa ba. Ba zan iya ba, Inna. Ba za ki fito daga ɗakin haihuwa ki goya mini 'ya ba. Ga asibiti an buɗe, su je can. Ki zaɓa, ko nan ko can."

Marka ta dubi ƙofar ƙarfe. Ta tuna rumfar gidan yaron nan da kwanon surukarta. Ta ce ta zaɓi nan, ta kuma yi alkawari.

Ta cika alkawarin. Aka yi ta zuwa kiranta, Nagode yana mayar da su daga ƙofa, ita kuma tana jin muryoyinsu daga bayan katanga tana gane mai magana. Ta zaci za a shiga wani hali, ta yi ta jiran mugun labari. Bai zo ba. Wata Juma'a da ta je gaida jikoki ta ji cewa wata tsohuwa daga wajen Bakura ce ke yin aikin yanzu, wasu kuma asibiti suke zuwa, kowa lafiya. Wata mata da goyo ta tare ta a hanya ta ce, "Inna Marka, ashe kina nan? Ai mun ce kin zama ta gidan Alhaji." Marka ta leƙa fuskar jaririn. Ɗan ƙauyensu ne, ba ta san ranar da aka haife shi ba, ba ta san sunansa ba.

Daga nan ta zama irin mai aikin da Hajiya ke so. Ta iya shiga falo ta fita ba a ji ba. Ta iya jera cokula, ta iya yin kamar ba ta ji ba in Alhaji yana faɗa da direbobinsa. Hajiya ta riƙa ba da misali da ita, har in an kawo sabuwar mai aiki ita ake ba ta koya mata. Wata rana ta ji bakinta yana cewa wata baiwar Allah daga Tsibiri, "Sannu da zuwa, shi ke nan, ba a tambayar mutan gida," sai ta yi shiru a tsakiyar magana. Ta rame. Ko almakashi ne ya faɗi sai ta zabura. Takan sauke tukwanen da ta riga ta wanke ta sake dirje su, Taiba tana kallonta tana girgiza kai. Dije ce kaɗai ke sa ta dariya; ta fara tafiya, duk inda Marka ta sa ƙafa tana riƙe da gefen zanenta.

Haka aka yi har bazarar da rikici ya tashi. Aikin madatsa ya zo ƙarshe, an sallami leburori da yawa, manoman da aka baje gonakinsu kuma sun gaji da jiran diyya, suka tare hanyoyin shiga wurin aiki. Yakubu, da ba shi da aiki ba shi da gona, ya bi mutanen garinsu can. Tifofin Alhaji suka tsaya cik a ƙofar gida. Wata safiya motocin 'yan sanda suka wuce a jere, kafin rana ta take aka fara hango hayaƙi, mutane suka riƙa shigowa gari a guje, wasu ba takalmi, suna cewa an buɗe wuta. Alhaji, da yake an san shi da kwangilar madatsa, ya ji tsoron kada a huce a kansa. Ya sa aka garƙame ƙofa da kwaɗo, ya karɓe makulli, ya ce ba shiga ba fita.

Ranar Marka ba ta ci komai ba. Ta manna ido a tsagar ƙofa tana tambayar duk wanda ya gifta, ba mai tsayawa. Washegari da hantsi ta shiga falo ba sallama, da ƙurar tsakar gida a ƙafarta, ta taka darduma ta tsaya a gaban Hajiya.

"Hajiya, Yakubu na can."

Taiba, da ke goge tebur, ta saki tsumma. Tun zuwan Marka gidan ba ta taɓa jin wannan sunan a bakinta ba.

"Yakubu na can," ta sake cewa. "Shi kaɗai gare ni. A buɗe mani."

"Inna, umarnin Alhaji ne. Ya ce duk wanda ya fita ya fita ke nan."

"Na ji. A buɗe mani."

Hajiya ta daɗe tana kallonta. Sannan ta tashi ta hau bene, inda Alhaji ke kwance bai runtsa ba tun jiya. Ba a ji muryar kowa ba. Ta sauko da makulli a dunƙule cikin hannunta, ta kwance Dije daga bayan Marka da kanta, ta ce wa Taiba ta ƙunsa mata abinci. Ita ta raka ta har ƙofa, abin da ba ta taɓa yi wa mai aiki ba, ta miƙa wa Nagode makullin. Dije tana ta tsala ihu tana miƙo hannu. Marka ba ta waiwaya ba.

A unguwar leburori ta tarar da surukarta da yara, amma ba labarin Yakubu. Wani ya ce ya gan shi ya yi wajen Bakura. Ta bi, rabi a ƙafa rabi a bayan motar itace. A Bakura ba ta same shi ba, sai dai ta tarar da mata 'yan gudu cike da wani zaure, ɗaya ta haihu a hanya ba wanda ya kula da ita. Marka ta nemi ruwan zafi da sabulu ta yi abin da ya kamata, ta ƙara gaba. Ta komo Mafara, ta wuce ƙasar Maradun, tana shiga gari tana fita, wasu gidajen ana zaman makoki, wasu ba kowa. A Kaya ta same shi, a gidan wani ɗan'uwan ubansa, kwance da ƙafa a kumbure, ya faɗa hanyar ruwa wajen gudu. Ya yunƙura zai tashi. Ba ta dube shi ba. Ta juya ga matar gidan ta ce, "A ɗora mani ruwa, yaron nan ƙafarshi na son gashi."

Ba ta koma aikin ba. Da ƙura ta lafa Hajiya ta aiko Taiba har ƙasar Maradun, ta ce Alhaji ya huce, ɗakinta yana nan. Marka ta ce a gaishe ta da kyau, a ce ta gode. Bayan shekara ta je ziyara, aka shimfiɗa mata tabarma, ita da Hajiya suka gaisa doguwar gaisuwa. Aka kira Dije ta zo ta gaida Inna, yarinyar ta leƙo, ta ga baƙuwar tsohuwa, ta ɓuya a bayan uwarta. Marka ta yi dariya ta ce ai haka yara suke. Ba ta jira abinci ba.

Yakubu ya samu 'yar gona daga baya, ya gina mata ɗaki a sabon Maradun, matsugunin da aka kai mutanensu, amma ɗakin ya fi ganin kaji a kan mai shi. Mutanenta sun rabu gari-gari, ita ma sai ta raba kanta: wata guda a Mafara, sati biyu a Bakura, ta dawo ta kwana biyu a sake kiranta. Ta koma cin goronta, ta koma gaisuwarta mai tsawo. Sai dai ba ta sake taɓa jariri ba sai ta yanke farce ta wanke hannu har gwiwa, kuma kowane cibi da sabuwar reza. Sauran tsofaffi suka riƙa yi mata ba'a suna ce mata Marka mai sabulu. In an tambaye ta labarin gidan Alhaji Wakili, abin da suke ci da abin da suke ajiyewa, sai ta ce ta manta.

A Damaga ajalinta ya same ta, cikin damina. Ta je wankan jegon wata jikar maƙwabtansu na da, ruwa ya dake ta a hanya, zazzaɓi ya kwantar da ita a ɗakin mai jegon. Ba ta kai ranar suna ba. Aka so a kai ta Maradun, amma rafi ya cika mota ba ta ƙetarewa, sai mutanen Damaga suka yi mata sutura suka binne ta a maƙabartarsu. Yakubu ya iso bayan ruwa ya janye. Aka nuna masa wurin, ya durƙusa ya yi addu'a. Maigidan ya roƙe shi ya tsaya a yi suna da shi tunda ya zo, ya tsaya, aka raɗa wa yaron Tukur. Da azahar ya samu motar da za ta koma.